Waiwaye: Wanda ya rasa aboki kuma malami, ina matsayinsa cikin masu makoki?

Idan mutum ya rasa mahaifi ko mata, kowa ya san abin da zai ce masa. Wanda kuwa ya rasa amininsa, mutumin da ya koya masa aiki ya ɗora shi a hanya, shi ne ke zuwa ya yi wa iyali ta'aziyya, da wuya a sami mai yi masa. Washegari ya koma bakin aiki, don hutun rasuwa a yawancin ma'aikatu na dangi na jini ne da abokin zama. Yana zaune a teburinsa wata matsala ta taso, hannu ya kai ga waya, har ya nemo lambar, sannan ya tuna. Masana halayyar ɗan Adam ma sun daɗe ba su ga wannan bawan Allah ba, kuma shawarar da suka yi ta bayarwa ta fi yi masa ciwo fiye da kowa.

Tushen shawarar yana komawa 1917, lokacin da Sigmund Freud, likitan ƙwaƙwalwa na birnin Biyana, ya fitar da wata maƙala a kan makoki. A ganinsa makoki aiki ne: mai rai ya riƙa zare zuciyarsa daga mamaci kaɗan-kaɗan, har ta 'yantu ta kama wani. Ba a jima ba rayuwa ta gwada shi. A 1920 annobar mura ta ɗauke 'yarsa Sophie. Shekara 9 bayan haka, cikin wasiƙar da ya aika wa abokinsa Ludwig Binswanger, wanda shi ma ya rasa ɗa, Freud ya amsa cewa zafin yana raguwa amma gurbin ba ya cikuwa, kuma haka ya kamata ya kasance. Abin takaici, maƙalar aka riƙa koyarwa, wasiƙar ta kwanta.

A watan Nuwamba na 1942 gobara ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove da ke Boston a Amurka, mutum 492 suka halaka. Likita Erich Lindemann ya zauna da wasu daga cikin waɗanda suka rasa nasu, a 1944 ya wallafa abin da ya gani. Shi ya fara tsara yadda baƙin ciki ke sauka a jiki: maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya yi gajere, ajiyar zuciya ta yawaita, ciki ya zama kamar fanko, gaɓoɓi su mutu. Ya ce abin yana zuwa ne bi da bi, ya kama mutum na tsawon minti 20 zuwa awa ɗaya ya sake shi. Duk wanda ya taɓa jin an ambaci sunan malaminsa bagatatan a tsakiyar taro ya san wannan kamun. Inda Lindemann ya yi gaggawa shi ne lissafinsa cewa makokin da bai rikice ba ana iya daidaita shi cikin mako 4 zuwa 6.

Sai 1969, shekarar da likita Elisabeth Kübler-Ross ta zo da matakan baƙin ciki biyar ɗin nan da suka zagaya duniya: musu, fushi, roƙon sassauci, nutsewa cikin damuwa, da saduda. Abin da mutane ke mantawa shi ne majinyatan da ke bakin mutuwa ta tattauna da su a Chicago, ba waɗanda aka mutu aka bari ba. Duk da haka aka mai da matakan kamar tsani, har mai makoki ya riƙa tuhumar kansa: wata shida ke nan, me ya sa har yanzu nake fushi? A Ingila kuma likita Colin Murray Parkes ya yi bincike mai nauyi, amma a kan matan da mazansu suka rasu. Aboki dai har yanzu yana bakin ƙofa.

Masani Kenneth Doka ne ya buɗe masa a 1989, da ya ba abin suna: baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi damar nunawa ba. Ya sa abokai da abokan aiki cikin jerin. Sunan ya yi amfani, domin mai irin wannan rashi yakan ji kunyar hawayensa. Yana ganin matar mamaci da 'ya'yansa, sai ya ce wa ransa, ni wane ne? Ya haɗiye. Alhali abu biyu ya rasa a lokaci guda, wanda yake hira da shi da kuma wanda yake kai wa aiki ya duba.

Babban juyi ya zo a 1996. Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka tattara binciken da ya nuna cewa iyayen da suka rasa 'ya'ya da yaran da suka rasa iyaye ba sa yanke alaƙa da mamaci, sauya mata kama suke yi, kuma galibi hakan ba ciwo ba ne. A nawa ganin, babu wanda wannan ya fi yi wa daidai kamar almajiri. Ta yaya za ka zare zuciya daga mutumin da hannunsa ke cikin aikinka? Kana rubutu ka ji muryarsa tana cewa jimlar ta yi tsawo. Wani sabon ma'aikaci ya kawo maka takarda, ka tsinci kanka kana gyara masa da irin kalmomin da aka gyara maka, har da ɗan shirun nan da yake yi kafin ya faɗi kuskure. A tsarin 1917 wannan alama ce ta makokin da bai kammala ba. Bayan 1996 aka daina kallon sa haka.

Shekara 3 bayan nan Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a Holan suka ƙara cewa mai makoki kai-komo yake yi, yau yana tare da rashin, gobe yana fama da harkokin rayuwa, kuma dariyar yau ba cin amanar mamaci ba ce.

Akwai dai waɗanda abin ke danne su ya ƙi sakin su. Saboda su Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dogon baƙin ciki cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, idan ya wuce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bi sahu a watan Maris na shekarar, amma ta ce sai an cika wata 12 ga manya. Har gobe ana gardama a kan ko ya dace a sa wa makoki wa'adi. A wajen bayyana wanda aka rasa, kundin hukumar ya lissafa abokin zama da mahaifi da ɗa, sannan ya ƙara da duk wani na kusa da mai makokin.