Ra'ayin Mahaɗar Wariya

Ra'ayin mahaɗar wariya wani tsarin nazari ne da ya tsiro a cikin fafutukar 'yancin mata, musamman a tsakanin mata baƙar fata na Amurka. Masu ra'ayin suna cewa launin fata da matsayin arziki da jinsi cuɗanya suke yi a rayuwar mutum, har su haifar da wani nau'in danniya wanda ba za a gane shi ba muddin an ɗauki kowannensu shi kaɗai.

Asali

Tunanin ya girmi sunansa da fiye da shekara ɗari. Galibi ana fara labarinsa ne daga jawabin da Sojourner Truth, wadda aka haifa cikin bauta, ta yi a taron 'yancin mata a garin Akron na jihar Ohio a 1851, ko da yake lafazin jawabin da ya fi shahara an wallafa shi ne a 1863, kuma masana tarihi suna tababa a kansa. Marubuciya baƙar fata Anna Julia Cooper ta taɓo batun a littafinta na 1892. A 1949, Claudia Jones, 'yar gurguzu haifaffiyar Trinidad, ta rubuta cewa ana danne mace baƙar fata ta fuska uku: a matsayin ma'aikaciya, da baƙa, da mace, inda ta ba da misali da masu aikatau a gidajen mutane. Sanarwar da ƙungiyar Combahee River Collective ta birnin Boston ta fitar a 1977 ita ce ta fito ƙarara ta ce tsare-tsaren danniya a sarƙe suke da juna. Ƙungiyar ta ɗauko sunanta daga kogin da Harriet Tubman, baƙar fata da ta tsere daga bauta, ta yi wa sojoji jagora a wani farmaki na 1863 wanda ya 'yanta bayi fiye da 700.

Shari'ar da ta fito da matsalar

Malamar shari'a Kimberlé Crenshaw ce ta raɗa wa ra'ayin suna, wato "intersectionality" da Turanci, a wata maƙala ta 1989, kuma hujjarta mafi ƙarfi daga kotu ta samo ta. Wasu mata baƙar fata biyar sun kai ƙarar kamfanin General Motors saboda tsarinsa na rage ma'aikata, wanda ke fara sallamar waɗanda suka shigo daga baya. Da yake kamfanin bai ɗauki mata baƙar fata aiki ba kafin 1964, su ne sallamar ta fi shafa lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1970. A 1976 kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙorafin jinsi da na launin fata wuri guda, ta kuma yi watsi da na jinsi bisa dalilin cewa kamfanin ya daɗe yana ɗaukar mata, alhali waɗannan matan farare ne. Crenshaw ta kwatanta lamarin da wanda mota ta buge a mahaɗar tituna: motoci na zuwa daga kowace kusurwa, amma masu ceto sun ce ba za su taimaka ba sai an tantance titin da motar ta fito. A 1991 ta faɗaɗa nazarin zuwa cin zarafin mata a gidajen aure, da halin da baƙin haure da marasa jin Turanci ke shiga wajen neman mafaka daga wannan cin zarafi.

Yaɗuwa

Marubuta Angela Davis da bell hooks a 1981, da Patricia Hill Collins a 1990, sun zurfafa batun ta fuskar tarihi da ilimin zamantakewa. A Birazil, Lélia Gonzalez ta yi makamancin wannan nazari. Daga baya an shigar da nakasa da addini da ƙabila a ciki.

Suka

Wasu masu bin tafarkin Markisanci, wato aƙidar Karl Marx, suna ganin ra'ayin ya rage wa batun matsayin arziki nauyi. Masu ra'ayin riƙau kuwa suna zargin yana rarraba jama'a gida-gida. Crenshaw ta ce madubi ne na hangen yadda iko ke aiki.