Zafin rai da hawan jini, ina masu cewa "haka Allah ya yi ni"?

Jama'ar Bauchi barkanmu da war haka. Mu da muke aiki a asibitin sha-ka-tafi kullum sai mun ji wannan magana, ka auna mutum ka ga jininsa ya hau, ka tambaye shi ya zaman gida, ya ce ai shi zuciya gare shi, gadonta ya yi wajen babansa. To malam gadon nan fa yana taɓa lafiya.

Idan rai ya ɓaci jiki yana sako wani sinadari da ake kira adirenalin, nan take zuciya ta hau bugawa da sauri, jijiyoyin jini su matse, jini ya hau, shi ya sa za ka ga jijiyar wuyan mutum ta tashi, hannunsa na rawa, murya na karkarwa. Wani nazari da masana a jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar a 2014 ya nuna cewa a cikin awa 2 bayan mummunan fushi haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau 5, na shanyewar ɓarin jiki ya haura sau 3. Mai hawan jini ko ciwon suga, kai ake wa magana.

Abin da nake so a gane, jiki yana riga baki. Kafin zagi ya fito, kafin hannu ya tashi, akwai alama, wani kunnensa ke ɗaukar zafi, wata haƙora take cijewa. Ka san taka. Da ka ji ta, bar wurin kawai, ko a tsakiyar ciniki kake a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ka zauna, ja numfashi ta hanci a hankali ka sake shi ta baki, fitar ta fi shigar tsawo. Ba jiki kamar minti 20 ya huce sannan a dawo kan maganar. Dama Manzon Allah (SAW) ya koyar da mu mai fushi ya nemi tsari daga shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Masu cewa sai sun buga ƙofa ko sun fasa kofi suke samun sauƙi, wallahi ƙara zuga jikin kuke yi. Haɗiyewa ka kwana kana saƙawa shi ma ba haƙuri ba ne, in an huce a yi maganar.

Iyaye mata da maza, don Allah duk yadda kukan jariri ya ishe ku kar a jijjiga shi, wuyansa bai yi ƙwari ba, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ki kwantar da shi inda ba zai faɗo ba, ki leƙa tsakar gida ko ki miƙa wa maƙwabciya.

A duba barci da yunwa ma, balle zafin Maris da Afrilu, sai kuma tiramol da sauran kayan maye da ke hargitsa matasanmu. Wanda fushinsa ya kai ga duka, ko furta saki yana nadama, ko tunanin illata kansa, ya zo mu tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU). Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma in za a zo a taho da katin awon jini in akwai.