Shin kwanan waje laifi ne a Accra?

Tun samamen da jami'an shige da fice suka kai a watan Mayun 2025, lokacin da suka kwashe mabarata baƙi sama da 2,000 daga titunan Accra, babban birnin Ghana, akasarinsu 'yan Nijar kuma fiye da rabinsu yara, saƙonnin murya ba su daina yawo a WhatsApp ba. Wani ya ce duk wanda aka samu yana kwana a bakin shago sai kurkuku. Wani ya ce har mai ba da sadaka ranar Juma'a kama shi za a yi. A unguwannin Nima da Sabon Zango akwai tsofaffin da suka daina zama a ƙofar masallaci saboda wannan magana. An cakuɗa dokoki uku ne wuri guda, shi ya sa tsoron ya fi gaskiyar girma.

Samamen kansa batun takardun zama ne, ya shafi baƙi. Ɗan ƙasa ba a mayar da shi ko'ina.

Dokar da ake yawan ambata ba tare da an karanta ta ba ita ce Dokar Mabarata da Marasa Galihu ta 1969, wadda gwamnatin soja ta kafa, mai lamba 392. Ta raba mutum biyu da jama'a ke ɗauka ɗaya ne. Mai bara, a wurinta, ya yi laifi: ɗan sanda na iya kama shi ba da sammaci ba, kotu kuma ta ci shi tara, ko ta ɗaure shi abin da bai wuce wata 3 ba. Shi kuwa wanda aka samu yana gararamba, ba wurin kwana, ba sana'a, ba abin kai wa baka, dokar ba ta kira shi mai laifi ba. Gaban majistare za a kai shi a bincika halinsa, a ga ko yana da dangin da ya wajaba su riƙe shi, in babu a tura shi gidan kula da marasa galihu. Sananne a cikin irin waɗannan gidaje yana Bekwai, can jihar Ashanti, ba a Accra ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda tanadin ya tsaya a takarda.

Maganar sadaka fa? Gaskiya ne dokar ta taɓa wanda ke sa wani bara ko ya zuga shi, kuma a nan ne masu jita-jita suka samu abin kamawa. Amma ita dokar ta keɓe sadakar da ake nema ko ake karɓa bisa al'adar addini. Wanda ya miƙa wa makaho sidi biyu bayan sallah daban, mai tara yara ya raba su a fitilun hanya da yamma ya karɓe abin da suka samo daban. Na biyun ne ya kamata ya ji tsoro, kuma ni ba zan yi masa kuka ba.

Inda talaka ke faɗawa rami shi ne dokokin majalisun birni. Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba kowace majalisa ikon kafa nata ƙa'idoji kan tsafta, kasuwa, tasha da gefen titi. Waɗannan ne 'yan sintirin majalisar birnin Accra (AMA) ke aiki da su. Ba za su rubuta cewa laifinka rashin gida ba ne. Za su ce ka tare hanyar masu tafiya da ƙafa, ka kafa rumfa ba izini, ka yi bahaya a fili, ko ka mayar da kasuwa wurin kwana. To mai kwana a waje, a ina zai shimfiɗa kwalinsa in ba a ɗaya daga cikin waɗannan wuraren ba? Yarinyar kayaye, wato mai dakon kaya, da ta wuni da tasa a ka a kasuwar Makola, ta biya kuɗin wanka da na bayi daga ɗan abin da ta samu, ranar da ciniki ya ƙi dole ɗaya ya faɗi.

Ga lissafin hukuncin. Ana auna tara da awo, kowane awo sidi 12. Dokar 2016 ta yarda majalisa ta sa tarar awo 100 zuwa 250, wato sidi 1,200 zuwa 3,000, ko ɗaurin wata 6 zuwa 12. Mai kanti zai biya ya koma shagonsa kafin la'asar. Wanda bai da ko tabarma, rashin biyan ne ke kai shi gidan yari, ba girman laifin ba. A Disambar 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da fatawar cewa dokokin da ke hukunta mutum saboda talauci da rashin matsuguni sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar. Fatawa ce, ba ta soke ko layi ɗaya a dokar Ghana ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne majalisar da ke korar mutane ita ce doka ta ɗora wa kula da su. Dokar Yara ta 1998 ta sa yaron da ke bara ko yawo ba gida cikin masu buƙatar kariya, ta kuma wajabta wa majalisa kare yaran yankinta. Kowace majalisa na da ofishin jin daɗin jama'a don wannan aiki. Sai dai tun da aka yanyanka Accra zuwa ƙananan majalisu a 2018 da 2019, Nima ta koma Ayawaso ta Gabas, Sabon Zango ta koma Ablekuma ta Tsakiya, korar ta yi sauƙi: a tsallakar da mutum kwata ɗaya, ya zama matsalar wata majalisa.

In an kama naka, tsarin mulkin 1992 ya ce a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. A tambayi takamaimai wace doka ake tuhumarsa da ita, kada ya amsa laifi don a ce masa zai fi saurin fita, a kuma garzaya Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda ke ba marasa hali lauya kyauta.