Kotu ta wanke ni, shin dole gwamnati ta mayar da ni bakin aiki?

Wannan tambayar tana taɓa ni sosai wallahi. Mutum an tsayar da shi aiki saboda zargin kuɗi sun ɓata a ofis, ya yi shekara uku huɗu yana zaryar kotu, an koro yara daga makaranta, mai gidan haya na ta kira, sai ƙarshe alƙali ya ce ba shi da laifi. To sai me kuma?

Da an wanke ni shikenan ranar Litinin in koma ofis?

A'a ɗan uwa, ba haka kawai ba. Hukuncin kotun bai ce a buɗe maka ofis ba, kai ne za ka karɓo kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ka haɗa da takardar neman a mayar da kai, ka kai wa babban sakataren ma'aikatarku, in ma'aikacin tarayya ne maganar kan kai ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Ka tabbata an buga maka sitamfi a kwafinka, don fayil yana ɓata a ofis kowa ya sani.

Albashin da aka riƙe fa?

Dokokin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya sun raba abin gida biyu. Akwai tsayarwar da ake biyan mutum rabin albashi, akwai dakatarwar da ba a ba shi ko sisi. A ta farkon dokar ta faɗa ƙarara, in ya tabbata ba ka da laifi a mayar da kai nan take a biya ka duk abin da aka riƙe. Ta biyun ma ka saka ariyas ɗinka cikin takardarka, kar ka ji kunya, ba roƙo kake ba. Sannan ka bi sawun sunanka a IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, mutum sai ya koma aiki yana sa hannu kullum amma alat shiru.

Za su iya sake hukunta ni a ofis kan magana ɗaya?

Kan tuhumar da kotu ta wanke ka, a'a. Amma nan ne mutane ke faɗawa rami, domin dokar ta bar ƙofa a hukunta ka kan wani laifin aiki daban da ya fito daga lamarin, misali an wanke ka daga satar kuɗin amma ya bayyana ka bar makullin sito a hannun wanda bai kamata ba, to za su iya ba ka kweri, wato takardar tuhuma ta ofis, kan sakaci, muddin dai ba tsohuwar tuhumar aka sake wa riga ba. Kuma ka duba takardarka da kyau, korar ƙara saboda mai gabatar da ƙara ya daina zuwa daban, wankewa daban. Wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi, wanda aka wanke kuwa sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a sake masa shari'a kan laifin.

In sun ƙi mayar da ni fa?

Sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ce gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin rigimar aiki. Tun 1981, a shari'ar wani ma'aikacin gwamnati mai suna Shitta-Bey, Kotun Ƙoli ta nuna ma'aikacin gwamnati ba yaron gidan kowa ba ne da za a kora don an ga dama, har ta sa a mayar da shi. Amma don Allah kar ka zauna jiran "ana duba fayil ɗinka", lauyoyin gwamnati sukan kawo dokar nan da ta ce a shigar da ƙarar jami'in gwamnati cikin wata uku su ce ka makara, don haka ka ga lauya da wuri.

In shekarun ritaya sun cim min ina kotu?

In ka cika shekarun, wanda ga yawancin ma'aikata shekara 60 ne da haihuwa ko 35 a aiki, to kujera kam ta wuce, abin da za ka nema shi ne a rubuta ritaya ka yi ba korarka aka yi ba, a biya ariyas da fanshonka.