Me ake nufi da cikakken URL mai sauƙin bincike?

URL shi ne adireshin da ke kai mutum ga wani shafi a intanet, kuma iri biyu ake rubuta shi. Akwai guntu, kamar /koyo/gyaran-hoto, wanda burauza ke ƙarasawa da sunan gidan yanar da take ciki. Akwai kuma cikakke, mai ɗauke da komai: https://example.com/koyo/gyaran-hoto.

Muddin kana cikin gidan, guntun ya wadatar. Rigimar tana farawa ne in adireshin ya fita waje. Saka guntu cikin saƙon imel, mai karatu ya latsa, babu inda zai kai shi, domin manhajar imel ba ta san gidan da ake nufi ba. Taswirar shafuka da ake miƙa wa Google cikakke take buƙata. Shi ne kuma ya fi dacewa a alamar canonical, wadda Google da Yahoo da Microsoft suka fito da ita a 2009 don nuna adireshi na asali in shafi ɗaya yana da ƙofofi da yawa.

Batun sauƙin bincike kuwa, manhajojin sarrafa shafuka da lamba suka san kowane rubutu: WordPress na cewa ?p=123, Drupal na cewa node/123. Lamba ba ta gaya wa kowa komai, shi ya sa manhajar ke ɗauko taken rubutun, ta mai da shi ƙananan haruffa, ta raba kalmomi da karan ɗori. In aka latsa, sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shafukan, ke mayar da shi ga lambar a ɓoye. A manhajar sabar Apache, wani sashe nata mai suna mod_rewrite ke taimakawa a wannan aiki. A ganina ɗan Adam ya fi injin bincike cin moriyar wannan, don shi ke duba adireshi kafin ya amince ya latsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta sunan gida da hannu cikin kowane mahaɗi. Ranar da aka sauya suna, sai gyara ɗaya bayan ɗaya. Gara a bar manhajar ta haɗa shi daga saitinta, kamar yadda umarnin get_permalink ke yi a WordPress.

A kula da haruffa masu lanƙwasa ma: ƙ kan rikiɗe ta zama %C6%99 in an kwafi adireshi. Wanda kuma ya sauya adireshin tsohon rubutu, ya sa turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, daga tsohon zuwa sabon, in ba haka ba masu tsohon mahaɗi kuskuren 404, wato ba a sami shafin ba, za su tarar.