Don Allah ku daina barbaɗa wa zomanya kafso bayan tiyata

Kiwon zomo ya sauya kama a garuruwanmu. Da can na nama ne, a zuba su a akurki a bayan gida. Yanzu akwai masu ajiye guda ɗaya ko biyu don sha'awa, matan aure da ɗalibai da yara, har a raɗa masa suna. Daga cikinsu ake samun masu kawo zomanya asibitin dabbobi a yi mata tiyata a cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa. Ni dai wannan ya yi mini daɗi. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma tana iya ɗaukar wani da zarar ta sauke, don haka wanda ba sayarwa yake yi ba kafin ya ankara gida ya cika. Ga kuma sankarar mahaifa, wadda ke yawan kama zomanyar da ta haura shekara 3 ko 4. In an yi aikin tana wata 4 zuwa 6, an huta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo baya. Ana yin aiki lafiya, zomanya ta farfaɗo, ta koma gida tana ɗan tsinken ganye. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta an dawo da ita a kwali, ta yi laƙwas, kunnuwa sun yi sanyi, jela da ƙafafun baya sun ɓaci da zawo mai ruwa da wari. In na juya ta na duba ciki, sai in ga farin gari ya daskare a kan ɗinkin, ya manne a gashin da ya fara tsirowa, akwai shi a tafin ƙafafun gaba, akwai shi a gefen baki. Ba sai na tambaya ba, amma nakan tambaya.

"Hajiya, me aka sa mata?"

"Ba komai, likita. Ɗan kafso ne kawai na ɓare na barbaɗa mata don wurin ya yi saurin bushewa."

Wani kuma ya ce ai rabi kawai ya jiƙa a ruwa ya ɗura mata. Wani ya ce mai kemis ne ya ba shi, ya ce shi ake bai wa yara in an yi musu kaciya. Haba jama'a! Kun kashe kuɗi, kun ɗauko dabba kun kawo ta an yi mata aiki, an rubuta muku abin da za ku yi, sannan ku koma gida ku buɗe durowa ku ɗauko ragowar maganin da aka sha bara?

Ku ji da kyau. Ampiclox, ampicillin, amoxicillin da duk danginsu na penisilin, da lincomycin, da clindamycin, da erythromycin, in suka shiga cikin zomo ta baki suna iya kashe shi, ko da kaɗan ne. Hanjin zomo cike yake da ƙananan halittu masu amfani waɗanda su ke narkar masa da ciyawa. Waɗannan magunguna sukan share su, sai mugayen da suka rage su yi yawa su saki dafi. Shi ke nan bayanin. Wanda ya ce shi a kan ciwon ya barbaɗa, bai ba ta ta sha ba, to ya zauna ya kalli zomo na minti biyar. Lasar jikinsa yake yi dare da rana, ya lashi ƙafa ya goge fuska, kuma inda ke masa ƙaiƙayi nan ya fi kai baki. Abin da ka barbaɗa da la'asar, kafin isha'i yana cikinta.

Abin takaicin shi ne ba nan take yake nunawa ba. Yau ka ba ta, gobe ka gan ta garau, ka ce ai magani ya karɓe ta, har ka ƙara. Sai bayan kwanaki zawo ya ɓarke, kuma in ya ɓarke wani lokaci ko kwana ba ta yi. Daga nan sai a ce likitan ne bai iya aiki ba, ko allurar barci ce ta yi yawa. Dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba kare kanmu nake yi ba, tiyata tana da nata haɗarin, kuma duk likitan kirki zai faɗa maka haka tun kafin ya taɓa dabbar. Amma wadda ta tashi daga barci ta ci ta sha ta yi kashi, sannan kwanaki suka wuce ta kama zawo da farin gari a baki, wannan ba wuƙa ce ta jawo ba.

Na san da kyakkyawar niyya ake yi. Wanda ba ya son dabbarsa ba zai tashi cikin dare ya haska ta da tocila ba. Kuma mun saba, a gidajenmu ciwo in ba a ga an sa masa wani abu ba sai a ga kamar an yi sakaci. To wannan ɗinkin ba ya buƙatar komai. An wanke wurin, an ɗinke shi da kayan da aka dafa, sau da yawa ma zaren a ciki yake, narkewa zai yi da kansa. Ka duba shi safe da yamma da ido kawai. Ɗan ja kaɗan da ɗan kumburi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Ban da kafso, ban da toka, ban da baƙin mai, ban da man zafi, ban da wanka. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da zomo ke ɗauka lafiya, akwai ma lokacin da likita da kansa zai yi masa allurar penisilin don wata cuta ta daban, amma da lissafinsa kuma ba ta baki ba. Sunayen masu lafiyar ba zan rubuta su a nan ba, don na san halinmu, gobe a kemis za a kwana.

In kana son ka yi mata wani abu, ga aikin da ya fi kafso: ka sa ta ci abinci. Zomo ba ya amai, shi ya sa ba a hana shi abinci kafin tiyata kamar yadda ake yi wa mutum ko kare, kuma bayan tiyata ma ba a jira. Cikinsa in ya tsaya, tayar da shi aiki ne. Da kun isa gida ki ajiye mata busasshiyar ciyawa mai tsabta ko harawa a gabanta, inda ba sai ta miƙe ba, da ganyen da ta saba ci ta fi so, ganyen karas ne ko na dankalin Hausa ko latas, an wanke, da ɗan danshin ruwa a jiki. Wannan ba ranar gwada mata sabon abinci ba ce. Ruwa a kwano mai nauyi da ba zai kife ba. Sau da yawa zomanya ta fi namiji jinkirin komawa ci, domin nata aikin ciki aka buɗe. Ki zauna kusa da ita ki miƙa mata ganye a baki, wani lokaci don haushi ma sai ta fizge ta tauna, daga nan ta ci gaba.

Sannan ki kalli kashinta. Na san ba magana ce mai daɗi ba, amma shi ne labarin cikinta. Ki share wurin tas kafin ki sa ta, ki shimfiɗa tsohon zane mai haske, don ki san na yau da na jiya. Na farko zai fito ƙanana, busassu, wasu a murɗe, ba laifi, kullum ya riƙa ƙara girma da yawa. In aka yi awa 12 ba ta ci komai ba, ko ba ta yi kashi ko ɗaya ba, a kira likita, kada a ce bari mu ga gobe. Zai iya cewa a jiƙa abincinta na buhu ya yi ruwa-ruwa a ba ta da sirinji marar allura, ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, tana zaune a kan ƙafafunta ba a rigingine ba.

Abin da ke hana ta ci yawanci zafin ciwo ne, kuma zomo ba kasafai yake kuka ba. Za ka gan ta ta dunƙule a lungu, ido a lumshe, tana cizon haƙora har kana jin ƙarar. Maganin zafin da aka ba ka a asibiti, galibi meloxicam, ka ba ta daidai yadda aka rubuta har ya ƙare. In ba a ba ka ba, ka tambaya kafin ka bar asibitin. Kada ka ce za ka maye gurbinsa da na mutane. Ga mu nan mun sake komawa durowa ke nan, kuma durowar ce matsalar.

Sauran a gurguje:

- A ɗaki za ta zauna, wuri mai tsabta, babu abin hawa, babu tsalle, na kwana 10 zuwa 14.
- A raba ta da namiji da sauran zomaye har ɗinki ya warke. Ko da namijin an yi masa fiɗiya, yana iya yi wa mace ciki har makonni bayan aikin, a kula da sauran matan.
- Daren farko jikinta kan yi sanyi saboda allurar barci, musamman da hunturu. A lulluɓe gefen kejin, a ba ta tsumma.
- Da bazara kuwa zafi ne abin tsoro, zomo ba ya gumi. Inuwa da iska, kada a bar ta ƙarƙashin kwano da rana tsaka.
- Ƙuda. Yakan yi ƙwai a ciwo ko a jiƙaƙƙen gashi, tsutsa ta fito cikin kwana guda. A rufa gidan sauro.
- Ba a ɗaga zomo ta kunne, balle mai ɗinki a ciki. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu. A ja wa yara kunne, ko a hana su ɗaukarta gaba ɗaya.
- Jini na ɗiga, ɗinki ya buɗe, ruwa mai wari, ko tana cizge zaren: asibiti, a ranar.

Wanda ke karanta wannan kuma ya riga ya barbaɗa, ko ya ɗura, ba zagi zan yi ba. Ka daina yanzu. Ka sa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka goge garin daga gashin da ke kewaye da ɗinkin da ƙafafunta, a hankali, ba tare da ka jiƙa ɗinkin ba. Ka cika mata gaba da ciyawa da ruwa. Sannan ka kira wanda ya yi aikin, ko ka je asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. Masu zama kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in can suna da asibitocin koyarwa na dabbobi. Kada ka jira sai zawo ya fara. Ka tafi da kwalin maganin ko takardarsa a aljihu, ka faɗi nawa ka ba ta da yaushe, kuma don Allah in an tambaye ka kada ka ce ba komai.