Rawar gargajiyar Indiya da batun adalci a zamantakewa

Rawar gargajiyar Indiya mai ƙa'ida suna ne da ya tattara wasu salon rawa waɗanda ake shafe shekaru ana koyonsu a gaban malami, kowanne da tsarinsa na taku, kiɗa da sutura. Hukumar kiɗa da rawa ta gwamnatin ƙasar, Sangeet Natak Akademi, ta amince da guda takwas: Bharatanatyam na Tamil Nadu, Kathak na arewa, Kathakali da Mohiniyattam na Kerala, Kuchipudi na Andhra Pradesh, Odissi na Odisha, Manipuri na Manipur, sai Sattriya na Assam da aka shigar a shekarar 2000. Ba su ne rawar finafinan Indiya da aka saba kallo a Kano ko Damagaram ba, ko da yake finafinan sun ari abubuwa da dama a wurinsu. A gidajen bauta da fadojin sarakuna suka girma, labaransu kuma na alloli ne da jarumai. Tun daga shekarun 1930 wasu masu rawa suka soma juya su zuwa ga abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya: wariyar asali, mutuwar amare saboda dukiyar aure, danne mata da rikicin addini.

Yadda jiki ke ba da labari

Abin da ya sa rawar ta iya ɗaukar irin wannan nauyi shi ne sashenta da ake kira abhinaya, wato isar da ma'ana da ido, gira, wuya da yatsu. Tsohon littafin Sanskrit mai suna Natyashastra, wanda ake jingina wa Bharata, ya tsara wannan ilimi kimanin shekara dubu biyu da suka wuce. Ya lissafa yanayin zuciya takwas da ake tayarwa a ran mai kallo, cikinsu har da tausayi, fushi, tsoro da ƙyama. Daga baya aka ƙara na tara, natsuwa.

A Bharatanatyam mawaƙi kan yi ta maimaita baiti ɗaya, mai rawa kuma tana sake masa fassara a kowane zagaye. Ita kaɗai ce a dandamali, amma da juyawa ɗaya ta zama azzalumi mai fizgar mayafi, da wata juyawar ta koma matar da ake fizga. Wannan shi ne labarin Draupadi na Mahabharata, tsohon littafin labaran jarumai na Hindu, wadda mijinta ya sa ta a caca ya faɗi, aka jawo ta gaban fada za a tuɓe ta alhali dattawa na zaune sun yi gum. Mai rawar da ke son magana kan cin zarafin mata ba ta buƙatar ƙirƙiro sabon labari. Ya ishe ta ta daɗe a kan fuskokin dattawan nan.

Tabon da ke cikin gida

Kafin a zo ga abin da rawar ta faɗa game da zaluncin wasu, akwai nata tarihin. A kudancin Indiya, rawar da yau ake kira Bharatanatyam sunanta sadir, kuma gadon wasu iyalai ce waɗanda ake sadaukar da 'ya'yansu mata ga gidajen bauta. Su ne devadasi. Ba sa aure irin na sauran mata, amma da yawansu sun yi karatu, sun mallaki fili da dukiya. Daga 1892 wani yunƙuri na 'yan gyara, Indiyawa da Turawan mishan, ya taso yana kiran sana'ar karuwanci. Likita Muthulakshmi Reddy ta kai ƙudurin haramta sadaukarwar gaban majalisar Madras a 1930, dokar ta tabbata a 1947.

A daidai wannan lokacin masu ilimin zamani daga manyan gidaje suka ɗauki rawar. Rukmini Devi Arundale, 'yar ajin Brahmin, mafi ɗaukaka a tsarin asali na Hindu, ta hau dandamali a 1935, ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, ta rage waƙoƙin soyayya masu zafi ta ƙarfafa ɓangaren ibada. Balasaraswati, wadda ta gaji rawar kaka da kakanni, ta yi tsayin daka cewa waƙoƙin soyayyar nan su ne ƙashin bayan fasahar, ba su da wani datti da za a wanke. Dokar ta kare yara mata daga sadaukarwar da ba su zaɓa ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ta bar ɗimbin mata ba sana'a ba mutunci, yayin da abin da aka ƙyamace su dominsa ya zama adon 'ya'yan masu hali. Irin haka ta faru a arewa da tawaif, mata mawaƙa masu rawa na birane kamar Lucknow, waɗanda aka daɗe ana tsallake sunansu in ana ba da tarihin Kathak. A yau Nrithya Pillai, wadda ta fito daga zuriyar masu gadon, tana cikin masu tayar da wannan magana a fili.

Fitattun ayyuka

Rabindranath Tagore ya mayar da wasansa Chandalika wasan rawa a 1938. Labarin wata yarinya ce, Prakriti, daga ajin da ake ƙin taɓawa, wadda wani almajirin Buddha mai suna Ananda ya roƙi ruwa a hannunta ya sha. Shan ruwan kaɗai ya sa ta fara ganin kanta mutum. Wannan ya zo shekara 12 kafin kundin tsarin mulkin 1950 ya soke ƙyamar taɓawa a sashe na 17.

Mrinalini Sarabhai, wadda ta kafa makarantar Darpana a Ahmedabad, ta shirya wasa a shekarun 1960 kan amaren da ke mutuwa saboda dukiyar aure. A Indiya dangin amarya ne ke biyan dangin ango, abin ya fi kama da gara da kayan ɗaki idan an mai da su tilas, kuma dokar 1961 da ta haramta shi ba ta kashe shi ba. Daga baya ta yi wani wasan kan kisan 'yan Dalit, wato ajin da ake ƙin taɓawa, a Gujarat. 'Yarta Mallika Sarabhai ta fito a matsayin Draupadi a wasan Mahabharata na Peter Brook a shekarun 1980, ta dawo gida ta shirya nata a 1990 kan "'ya'yan Sita", matan da suka ƙi yin shiru (Sita ita ce matar jarumi Rama a labaran Hindu). Ta kai wasan har makarantu da unguwannin talakawa. Bayan rikicin Gujarat na 2002, inda aka kashe Musulmi da dama, ta fito ta soki gwamnatin jihar.

Wadda ta fi kowa nisa ita ce Chandralekha (1928–2006). Ta bar dandamali shekaru masu yawa tana fafutikar mata, ta dawo a tsakiyar shekarun 1980 ta watsar da gwala-gwalai, murmushin dole da labaran alloli, ta gauraya Bharatanatyam da yoga da kokawar kalaripayattu ta Kerala. A wasanta Sri na 1991, jerin mata ne ke ratsa dandamali a hankali, bayansu a karye, haɓa a miƙe gaba, suna jan ƙafa kamar ba za su kai ba. Sai can ƙashin bayan ya soma miƙewa. Ba a furta wani taken gwagwarmaya ba, kuma shi ya sa wasan ya fi yawancin na wa'azi tasiri. Da yawan wasannin "saƙo" suna ƙarewa ne a lacca sanye da kayan rawa.

A ƙetare, Ananya Chatterjea ta kafa ƙungiyar rawa a Minneapolis ta Amurka a 2004, tana gina ayyukanta kan Odissi don magana a kan muhalli da halin mata marasa galihu.

Wa aka yarda ya taka

Gardamar yau ta fi karkata ga ƙofar shiga. Koyo na cin shekaru da kuɗi, bikin fitowar ɗaliba ta farko, arangetram, kan lashe dukiya mai yawa, manyan dandamalin Chennai na watan Disamba kuma har yanzu galibi a hannun manyan gidaje suke. Addini ma shinge ne. A Kerala ana ba da labarin Kalamandalam Hyderali, Musulmi mawaƙin Kathakali, wanda aka rushe wani ɓangaren katangar gidan bauta domin ya rera daga waje ba tare da ya taka harabar ba. A 2022 an soke wasan Mansiya V. P., mai Bharatanatyam haifaffiyar gidan Musulmi, a bikin gidan bautar Koodalmanikyam saboda ba Hindu ba ce. Wasu masu rawa suka janye daga bikin don mara mata baya. A 2024 wata tsohuwar malamar rawa ta yi kalaman da suka muzanta baƙar fata da rawar maza a Mohiniyattam, kowa ya fahimci da R. L. V. Ramakrishnan take, ɗan Dalit da ya ƙware a salon. Jihar Kerala ta ɗauki zafi, kuma cikin 'yan kwanaki makarantar Kerala Kalamandalam, wadda aka kafa a 1930, ta sanar da buɗe ajin Mohiniyattam ga ɗalibai maza.